Wane Irin Ruwa?

Kwana tara da yi wa Gwaggo aiki, ana idar da sallar asuba wayata ta yi ƙara. 'Yarta ce. Ko gaisuwa ba ta bari mun ƙarasa ba ta ce, "Yaya, ɗinkin Umma ya yi ruwa." Kafin ƙarfe takwas muna bakin ɗakin wankin ciwo, Gwaggo ta tallabe ciki da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu wata dattijuwa ce mai tabarau rataye a wuya. Ba ta ko ɗaga zanen ba ta fara tambaya: "Hajiya, wane irin ruwa? Mai kauri ne kamar kunu, ko tsararo ne rawaya-rawaya, ko kuwa ja-ja? Yana wari? Jikinki ya yi zafi da dare?" Gwaggo ta dube ni, ni kuma na dubi 'yarta. Mu uku babu wanda ya duba. Auduga dai muka ga ta jiƙe, muka nemo mota.

Tun ranar tambayar nan take bi na. Mu jimla ɗaya muka zo da ita. Ita kuwa abu biyar take rarrabewa a ranta, wani a koma gida a kwanta, wani a shiga ɗakin tiyata kafin azahar.

Shi kansa abin da aka yi wa Gwaggo sunansa bai zauna wuri ɗaya ba. A gida cewa muke "an yi mata aiki", kuma a ganina babu kalmar da ta fi wannan dacewa, domin sunan da Turawa ke kiran sana'ar ma daga kalmomin Girkanci biyu ya fito, masu nufin aikin hannu. "Tiyata" kuwa sunan ɗakin muka ara muka laƙaba wa aikin, kuma asalin ma'anarta wurin kallo. A Turai ta da, ɗakin aiki yana da kujeru hawa-hawa kewaye da teburin, ɗalibai na leƙe daga sama da kayansu na titi, masu tari na yi. Wurin da ya kamata ya fi ko'ina tsabta a asibiti ya gaji sunansa daga zamanin da yake kamar dandali. Akwai kuma "fiɗa", wadda 'yan jarida ke so, har su ce "likitan fiɗa". Ni dai ba na furta ta a gaban majinyaci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya san abin da ake feɗewa.

Shekaru da dama da suka wuce aka ciro wa Gwaggo autarta ta ciki, yanka a tsaye daga cibiya zuwa mara. Ciwon ya yi mugunya, ya ɗauki watanni kafin ya rufe. Bayan ya rufe sai wani ƙulli ya fara turowa a ƙarƙashin tabon, in ta yi tari ya fito, in ta kwanta ya koma. Aka ɗinke shi sau ɗaya, ya dawo. A hankali ya kai girman kabewa, ya daina komawa. Bahaushe yana da ƙaba, yana da cibi ga wanda cibiyarsa ta turo, yana da gwaiwa, wadda ita ma take haɗa abu biyu, ruwan da ya taru a maraina da hanjin da ya gangaro cikinsu. Amma ƙabar da ke fitowa ta tsohon yanka ba ta da tsohon suna, don kafin zuwan asibiti ba a buɗe ciki a rufe mutum ya tashi. Cutar ƙanwar tiyata ce, bayanta aka haife ta. Ni "ƙabar tabo" nake ce mata, kuma duk wanda na faɗa wa ya gane.

"Bangon ciki" ma fassara ce daga littattafan likitoci. Babu tsohuwar da za ta ce maka bangon cikinta na ciwo. Sai dai fassarar ta yi sa'a, ta faɗo cikin harshen da ya riga ya san cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon kuma hawa-hawa ne, kamar yadda kowane mahauci zai nuna maka: fata, sai kitse, sai wani farin mayafi mai tauri da ya lulluɓe tsoka, sai tsokar kanta, guda biyu miƙaƙƙu daga ƙirji zuwa mara da uku-uku a kowane kwiɓi, sannan siririn tantanin da ya kewaye hanji. A tsakiya, inda mayafan dama da hagu suka haɗu, babu tsoka, sai wani farin layi. Nan likita ya fi son yankawa saboda jini kaɗan ne, kuma saboda ƙarancin jinin nan ne wurin ba ya saurin haɗewa. Ƙarfin bango duka a farin mayafin yake. Ɗinkin fata da muke leƙawa muna cewa "ya yi kyau" yaɓe ne kawai.

Ƙaramar ƙaba maho ake yi mata. Irin ta Gwaggo ta wuce maho, don tsokokin sun ja da baya zuwa kwiɓi kamar an yaye labule, hanji ya daɗe a waje har ciki ya tsuke ya manta da shi. Likitoci na da wani lafazi mai ban tausayi ga wannan hali, suna cewa hanji ya rasa mazauni. Shi ya sa suke kiran aikin sake ginin bango. A 1990 wani likita a Amurka, Oscar Ramirez, shi da abokan aikinsa, suka bayyana dabarar da ake kira raba sassa: a tsaga hawa na waje na tsokar kwiɓi ta kowane ɓangare, sauran su saki, a jawo su tsakiya su haɗu, har kimanin santimita 10 daga kowane gefe a daidai ƙugu. Dabara ce mai kyau, amma tana da farashi. Kafin a kai ga kwiɓi sai an ɗaga fata da kitse daga kan tsoka, faɗin tafi biyu ko fiye, ana yanke ƙananan jijiyoyin jinin da ke ratso tsoka su ciyar da fata. Fatar da aka yanke wa abinci, ga kuma kogo a ƙarƙashinta, gida ne da aka share wa ƙwayoyin cuta. Abin da ya sa ke nan a 2012 Yuri Novitsky da abokansa suka fito da hanyar sakin tsokar ta ciki, ta bayan bango, ba tare da an yaye fata haka ba.

To, ga ruwan da dattijuwar nan ke rarrabewa. Akwai tsararon ruwa mai launin rawaya da jiki ke tarawa a duk kogon da aka bari, wanda likitoci ke kira siroma, daga kalmar Latin mai nufin ruwan nan da ke kwanciya a saman kindirmo. Sau da yawa jiki ne ke shanye abinsa. Akwai jinin da ya taru ya daskare, ya dinga tsatsowa baƙi-baƙi. Akwai mugunya. Akwai wani ruwa ja-ja kamar na wankin nama, mai zubowa da yawa lokaci guda, galibi a ƙarshen makon farko ko farkon na biyu, wanda kan nuna cewa ɗinkin ciki ya saki ko da na fata yana nan daram. Wannan ba ya jiran wayewar gari. Na biyar shi ne abin cikin hanji da kansa, in hanji ya huje ya yi hanya zuwa fata, wanda za mu iya kira yoyon hanji tunda kowa ya san yoyon fitsari. Cikin biyar ɗin nan mugunya ce kaɗai shaidar cewa ƙwayoyin cuta sun kama ciwon, ko da yake kowane daga cikin sauran yana iya buɗe musu ƙofa.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne harshenmu ya cakuɗa abubuwa. Ƙarnuka da dama likitocin Turai, bisa yadda suka fahimci littattafan tsohon likitan nan Jalinus, suna kiran farar mugunya mai kauri "mugunya abar yabo". Yau abin dariya ne, amma akwai abin da idonsu ya gani. Mai mugunya mai kauri da ta taru wuri ɗaya yakan tashi, wanda ciwonsa ke fitar da tsinkakken ruwa mai wari, jan kumburi na yaɗuwa, shi ake binnewa. Wanzami ma ya san wannan, shi ya sa yake jira maruru ya "nuna", kamar ɗan itace, kafin ya yi sakiya. Sai a 1867, da Joseph Lister na Gilasgo ya wallafa sakamakon wanke rauni da sinadarin kabolik, aka fara yarda cewa ciwo na iya warkewa babu mugunya ko ɗigo.

Kalmomin da suka rage a bakin likitoci sun fi kusa da namu fiye da yadda muke zato. "Sefsis" da ake rubutawa a katin majinyaci Girkanci ne, ma'anarta ruɓa, daidai da tsohuwar da ta ce ciwo ya ruɓe. "Infekshan", wadda yanzu ta shiga bakin kowa har ta zama sunan duk wani ƙaiƙayi, daga wata kalmar Latin ta fito mai nufin tsoma abu cikin rini. Mu kuwa a rediyo "kamuwa" muke cewa ko "harbuwa", kuma duka biyun suna nuna wani abu ne ya zo daga waje, ya cafke ka ko ya ɗana maka kibiya. Hoton marina ya fi su gaskiya a nan. Mafi yawan ƙwayoyin da ke ɓata ciwon tiyata a jikin majinyacin suke zaune tun kafin a kawo shi, a fatarsa, a hancinsa, a hanjinsa. Babbar cikinsu, wadda wani likitan Sukotlan, Alexander Ogston, ya raɗa wa suna daga kalmar Girkanci mai nufin nonon inabi saboda yadda take cunkushewa a madubin likita, tana zaune lafiya lau a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku. Wuƙa ce ke tsoma farin ƙyalle a karofin da ya daɗe a gefensa.

A 1992 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta sauya sunan abin a hukumance. Da ana cewa cutar raunin tiyata, sai aka koma cewa cutar wurin tiyata, don "rauni" yana sa a tsaya a yankan da ido ke gani. Aka kasa ta uku: ta fata da kitse, ta farin mayafi da tsoka, da ta can cikin ciki. Aka kuma sa mata wa'adi, kwana 30 bayan aiki, ko shekara guda in an bar wani abu a jiki kamar ragar da ake ƙarfafa bangon ciki da ita. Daga 2013 aka rage shekarar zuwa kwana 90. Wa'adin nan don sauƙin ƙidaya aka yi shi, ƙwayar cuta ba ta san da shi ba. Raga na iya yin shiru shekara biyu sannan ta fara fitar da mugunya ta wani ɗan rami, kuma a lissafin hukuma wannan ba ya cikin abin da aikin ya jawo. Haka matar da aka sallama ta koma ƙauye, ciwo ya ɓaci, ta ƙare a wurin mai kemis. A littafin asibiti ta warke sumul.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne na 2010. Wasu ƙwararrun likitocin ƙaba a Amurka suka zauna suka kasa majinyata mataki huɗu: lafiyayye, mai wata larura kamar suga, ƙiba, shan taba, cutar huhu ko raunin garkuwar jiki, wanda ciwonsa ya taɓa ɓaci ko za a buɗe hanjinsa, da wanda ake yi wa aiki cikin mugunya. Sannan suka ƙirƙiro wata babbar laima, suka kira ta "abin da ya auku a wurin tiyata", suka zuba mugunya da siroma da warwarewar ɗinki da yoyon hanji duk a ƙarƙashinta. Bayan wannan doguwar tafiya, manyan likitoci sun iso daidai inda 'yar Gwaggo ta tsaya da asuba: ya yi ruwa. Ba a kuma ɓoye ba cewa kamfanin da ke sayar da wata raga mai tsadar gaske, wadda ake yi da fatar da aka sarrafa, shi ya ɗauki nauyin zaman, kuma shawarar ta karkata ga irin wannan raga ga masu manyan matakai. In laima ta yi faɗi, adadin matsala yakan kumbura, kaya mai tsada ya sami kasuwa. A 2012 wasu likitoci a Kilibland suka gwada matakan a kan kusan aiki 300, suka mayar da su uku, suka sami matsalar ciwo a kashi 14 cikin 100 na matakin farko, 27 na biyu, 46 na uku. Daga baya aka sake yanko wani suna daga cikin laimar, na matsalar da sai an sa hannu, an buɗe ko an zuƙe ko an koma tiyata, don a raba ruwan da ya dami majinyaci da wanda ya dami takarda kawai.

Yanzu ga kalmar da ta fi ba masu fassara wuya. Likita zai ce taba da suga da ƙiba su ne abubuwan da ke ƙara haɗari. Lafazin da ake fassarawa ɗin bai tsufa ba. Ya bazu ne daga binciken ciwon zuciya na garin Framingham a Amurka, wanda aka fara a 1948, musamman bayan wata maƙala ta William Kannel da abokansa a 1961. Abin da yake nufi lissafi ne: cikin mutum ɗari masu wannan hali, waɗanda abin zai sama sun fi na cikin ɗari marasa shi. Da an ce "dalili" ko "musabbabi" an wuce gona da iri, don ga mashayin taba ya warke garau, ga wanda bai taɓa kunna ta ba yana fama. In aka ce "haɗari" kuma, kunnen Bahaushe mota yake ji ta kife, abu na farat ɗaya da ya riga ya faru. "Kasada" ta fi kusa, sai dai kasada mutum ne ke zaɓar yin ta, Gwaggo kuwa ba ita ta zaɓi tsohon tabonta ba. Kalmar da na ga ta fi kama ma'anar ita ce maƙwabciyar haɗari, wadda masu rubutu a waya suka riga suka haɗe su saboda rashin lanƙwasa: hadari. Hadari ya haɗu a gabas ba ya nufin lallai za a yi ruwa, amma mai shanya ta san abin da za ta yi. (Wasu masana asalin kalmomi suna kai kalmar Turawan da ake fassarawa da "haɗari" ga rizƙ na Larabci, inda muka samo "arziki", wasu kuma suna kai ta ga dutsen da ke fasa jirgi a teku. In na farkon ne, to abin da ɗan kasuwa ke fata da abin da yake tsoro sunansu ɗaya.)

Bambancin nan yana da amfani a bakin gado, domin kowane hadari a jerin likita yana da tarkon kalma a Hausa. Ɗauki taba. Sinadarin nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, hayaƙin kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka, alhali ƙwayoyin jinin da ke kashe cuta da iskar nan suke aiki. A Denmak a 2003 an yi wa lafiyayyun 'yan sa-kai ƙananan yanka aka ɗinke, ciwon ya ɓaci a kashi 12 cikin 100 na mashaya, kashi 2 na waɗanda ba su taɓa sha ba, kuma barin ta na mako huɗu ya sauko da adadin ƙwarai. Amma tambayar da ake yi ita ce "kana shan taba?" Mai shisha zai ce a'a da zuciya ɗaya. Tsohon da ke cusa garin taba a leɓe ci yake yi, mai shaƙa kuma shaƙa yake yi, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kalmar "sha" ce ta bar su a waje.

Suga ma haka. Da aka ce wa Gwaggo sugarta ta hau, sai an saukar kafin a sa ranar aiki, cewa ta yi, "Ni da na fi shekara ban sa shi a shayi ba?" Sunan cutar ya sa ta ɗauka a gwangwani matsalar take, ba ta lissafa tuwon shinkafa da fura ba. Suga mai yawa a jini yana sa ƙwayoyin da ke kare jiki kasala. Akwai gwajin da ke nuna matsakaicinsa na kusan wata uku, wanda azumin kwana ɗaya ba ya ruɗarsa, kuma wani taron ƙwararru a 2017 ya ba da shawarar a ɗage aikin ƙabar da ba na gaggawa ba in gwajin ya kai 8, ko mutum yana kan shan taba, ko ma'aunin ƙibarsa ya kai 50. Ita kuwa ƙiba, a wurinmu ai gaisuwa ce. "Kin yi ƙiba" yabo ne ga mace da mijinta. Sai an ce "teɓa" ake jin zafi, kuma ita ce likita ke nufi: kitsen ciki mai kauri, wanda jini ba ya ratsa shi sosai, maganin da aka yi allurarsa ba ya isa cikinsa yadda ya kamata, nauyinsa kuma na jan ɗinki. Babu likitan da zai iya ce wa Hajiya tana da teɓa, sai ya ce ƙiba, ita kuma ta yi murmushi.

Jerin nan a Amurka aka tsara shi, da jikin Amurkawa. A ɗakunanmu na jinya kishiyarsa ta fi yawa: rama, ƙarancin jini, jikin da ba shi da abin gina sabon nama. A gidanmu ma sai da wata maƙwabciya ta zo dubiya ta hana a ba Gwaggo ƙwai da kifi, wai suna sa ciwo mugunya, wato ainihin tubalin da ake buƙata shi ta ce a ɓoye. Sannan da yawa daga ƙabar tabo a nan daga aikin gaggawa suka samo asali, hanjin da taifot ya huda, ko naƙudar da ta daɗe kafin a iso. Tun 1964 likitoci ke kasa raunin tiyata huɗu: mai tsabta, mai tsabta da ɗan gurɓata, gurɓatacce, da ƙazami. Wannan na ƙarshe in ɗan'uwan majinyaci ya tsinkaye shi a bakin likita sai ya ɗauka zagi ne, alhali ba wankan mutum ake nufi ba, ana nufin an tarar da mugunya ko hanji a fashe. Wani babban bincike na ƙasashe da dama da aka wallafa a 2018 ya sami cutar wurin tiyata bayan aikin hanji a kashi 9.4 cikin 100 a ƙasashe masu arziki, 14 a matsakaita, 23.2 a matalauta. Ciwon da ya ɓaci shi ke haifar da ƙaba, gyaran ƙabar ya fi saurin ɓaci saboda wancan tarihin, in ya ɓaci kuma ƙabar ta fi saurin dawowa da girman da ya fi na da.

Akwai abin da na lura da shi a yadda ake jera waɗannan abubuwa, kuma ba ya yi mini daɗi. Na majinyaci su ke da sunaye masu kama mutum: mashayi, mai suga, mai ƙiba. Na asibiti kuwa ba a ce da kowa "mai". Aikin da ya ɗauki sa'o'i da yawa hadari ne. Allurar rigakafin da ya kamata a yi cikin sa'a guda kafin wuƙa ta taɓa fata, aka yi ta bayan an gama, hadari ce. Aske gashin ciki da reza tun daren jiya hadari ne, don reza na barin ƙananan tsagogi da ƙwayoyi ke kwana suna hayayyafa a ciki, kuma ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 sun hana shi, sun ce in dole ne a rage da injin aski. A 2022 an wallafa wani gwaji da aka yi a ƙasashe bakwai, har da Najeriya da Gana da Benin, a kan mutum sama da 13,000, inda sauya safar hannu da kayan aiki kafin rufe ciki kawai ya sauko da ɓacin ciwo daga kashi 18.9 zuwa 16. Wannan ba ya buƙatar majinyaci ya rage ko kilo ɗaya.

Saura raga. Da likita ya ce wa Gwaggo za a sa mata raga a ciki, sai da ta tambaya ko irin ta masunta ce. Ba ta yi nisa da gaskiya ba, saƙa ce ta zaren roba, wadda Francis Usher na Hustan ya fara yaɗa amfani da ita a ƙarshen shekarun 1950. Amfaninta ba abin musu ba ne. Wani gwaji a Holan da aka wallafa a 2000 ya nuna ƙabar tabo ta dawo cikin shekara uku ga kashi 43 na waɗanda aka ɗinke kawai, da kashi 24 na masu raga, bayan shekara goma kuma 63 da 32. A Yuganda ma an gwada raga mai arha, irin saƙar gidan sauro wadda ba a sa wa maganin ƙwari ba, aka tsabtace ta aka kwatanta ta da ta kamfani a aikin ƙabar matsematsi na maza kusan 300, sakamakon da aka wallafa a 2016 bai nuna ta gaza ta kamfani ba. Sai dai raga baƙuwa ce, ba ta da jini. In ƙwayoyi suka sauka a kanta sukan shimfiɗa wani yauƙi su ɓuya a ciki, kamar gansakukar da ke kama cikin randa, wadda zuba sabon ruwa ba ya fitar da ita. A nan sunan "raga" ya fi kowane suna koyarwa, don asirin a idonta yake. Ƙwayar cuta faɗinta kimanin maikiron ɗaya ne, wato ɗaya bisa dubu na milimita, ƙwayoyin jikin da ke cinye ta kuwa sun ninka ta sau goma ko fiye. Raga mai matsattsen ido ɓarawo na shiga, ɗan sanda ba ya iya bin sa. Mai faffaɗan ido, sama da maikiron 75, kowa na wucewa, nama ya tsiro ta cikinta, shi ya sa sau da yawa ake iya ceto ta ko ta kamu, a yayin da mai matsattsen ido sai an ciro ta. Inda aka shimfiɗa ta ma da magana. Wadda aka sa a bayan tsoka, yadda likitocin Faransa Jean Rives da René Stoppa suka koyar, tana kwance jikin nama mai jini, ta fi wadda aka ɗora a ƙarƙashin kitse kariya.

Dattijuwar ta ɗaga audugar da hantsaki, ta kai ta kusa da taga, ta sunsuna. Ta danna gefen ɗinkin a hankali, wani ruwa garau mai launin man gyaɗa ya gangaro. Ta taɓa fatar da bayan yatsunta, ta sa wa Gwaggo ma'aunin zafi, ta kira likita ya duba ya tabbatar. Sannan ta ja kujera ta zauna, abin da ban saba gani ba. "Hajiya, wannan na jiki ne, zai shanye. Ki riƙa ɗaura ɗamarar nan da aka ba ki. Kada ki yarda wani ya soka miki allura a kemis wai zai zuƙe, allurar ce za ta kai wa ragar cuta. Amma in ya koma kamar kunu, ko ya yi wari, ko wurin ya yi ja yana zafi, ko kika ji sanyi na kaɗa ki, ki zo a ranar. In kuwa kika ga kamar ruwan wankin nama ya jiƙa zane, ko tsakar dare ne a ɗauko ki a kwance." Ta juyo ga 'yar Gwaggo ta ce ta maimaita, ta maimaita, ta gyara mata wuri ɗaya.

Gwaggo tana gyara lulluɓi ta ce, "To 'yar nan, shi wannan ɗin mene ne sunansa?"

"Siroma."

"Ciroma?"

Ba a gyara mata ba. A mota duk wanda ya kira ya tambayi jiki sai ta ce da sauƙi, wai Ciroma ne ya sauka a cikinta, an ce a bar shi ya huta zai tafi da kansa. Ya yi mako biyar kafin ya tashi.